Taguwar Da Ba Ta Isa Maiyama Ba

Ranar wata Laraba ce a cikin azumin 1992, azumin farko da muka yi bayan an yanka mana jihar Kebbi. Tun da hantsi rana ta fara gasa Aliero, warin sabuwar albasa ya cika gari har cikin makaranta, mu kuwa 'yan aji huɗu an jera mu a gindin dalbejiya, kowa riƙe da aikin hannunsa na ƙarshen zango. Sunansa dai aikin hannu, amma ba a taɓa tambayar hannun wa. Tsintsiya kakarka ce ta ɗaura, faifai uwarka ce ta saƙa, igiyar rama kuwa tsohon bakin kasuwa ne ya tufka. Malamai sun sani, mu ma mun san sun sani, su ba mu maki, da yamma a ga tsintsiyoyin sun nufi gidajensu a bayan keke. Wanda ya zo hannu rabbana shi kaɗai ne mai laifi, kuma dorina ce rabonsa. Da layi ya zo kaina sai na kwance ƙullin da ke hammatata, na ware wata taguwar yaro a kan tebur. Malamin ajinmu ya ɗaga alƙalami zai rubuta, sai ya tsaya. Ya juya ta ciki da waje, ya kai ta kusa da idonsa, ya aika a kira hedimasta. Hedimasta ya daɗe yana shafa ta, sannan ya dube ni ya ce, "Kulu, wa yay yi wagga?" Na ba shi amsar da kowane yaro yake bayarwa a wannan layi, na ce ni ce.

Ba ni ba ce, Goggo Tumba ce, ƙanwar babanmu. Tun da aurenta ya mutu a Maiyama ta dawo gidanmu, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu. Doguwar mace ce marar yawan magana, ga ƙin zaman banza. Duk ranar kasuwar Jega sai ta roƙi Baba, idan ya sayar da albasa, ya biya ta layin teloli ya kwaso mata ƙyallayen da suka zube a ƙarƙashin kekuna. Baba ya yi ta mita, wai shi da girmansa ya zama mai sharar teloli, amma bai taɓa dawowa babu ƙunshin ba. Ta zazzage su a tabarma, atamfa gefe, shadda gefe, ta haɗa da tsofaffin zannuwan gidan da suka gaji da wanki, ta wanke da sabulun salo ta shanya a kan danga. Bayan azahar, idan an gama surfe da daka, mu yara mun watse wajen carafke da 'yar tsana, sai ta zauna a inuwar rumbu da allura da reza. Ba ta da keke, zaren ma sau da yawa daga bakin wani tsohon zane take warwaro shi. Amma idan ta haɗa ƙyalle da ƙyalle sai ka rantse tare aka saƙa su. Matan unguwa suna yi mata tsiya, suna kiran ta Tumba mai tsumma, su kuma zagayo a asirce su roƙi ta yi musu majanyi.

Taguwar nan ta fita daban a cikin ayyukanta, domin ta Lawali ce. Lawali ɗanta ne na fari, shi kaɗai Allah ya bar mata, kuma da auren ya mutu ubansa ya riƙe shi a Maiyama. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban yayanta namiji. Goggo kuwa ta fi kowa riƙon wannan kunya, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba sai dai ta ce "yaron can". Tun kaka ta fara ɗinkin, tana tsince ƙyallaye mafi kyau tana ɓoyewa a adudu. Ta yi mata shafi da farin buhun fulawa da ta dafa har rubutun ya fita, ta zagaye wuyan da baƙin saƙi da ta yanko daga zanen aurenta. Da yake Lawali sa'ana ne, ni take kira ɗaki idan babu kowa, ta zura mini ta dubi kafaɗa, ta cire ta ce in je in yi wasa. Ina kuma tsaye a bakin ƙofa ranar da ta ce wa Iya Dillaliya, wata tsohuwa mai yawon sayar da kwanuka tsakanin Aliero da Maiyama, "Ki ce ma uban yaron can kada shi wahal da kai da taguwar Sallah bana." Ke nan uban ba zai ɗinka masa wata ba. Duk gidan ni kaɗai na san haka.

Da safen Larabar nan ina zaune a bayan turmi ina kuka. Inna ta yi mini alkawarin faifai, amma albasa ta cika tsakar gida, tun asuba mata ke yanke ganye ana kwasa zuwa rudu, rumfar karan da ake ajiye ta, ba wanda ya tuna da wani faifai. Tsintsiyar da na gwada ɗaurawa da kaina kuwa tun kafin in kai zaure ta watse. Goggo ta fito da buta ta gan ni, ta ji ba'asi. Ta koma ɗaki ta fito da ƙullin ta cusa mini a hammata. "Tahi ki gwada masu su ba ki maki," in ji ta, "amma ki maido mani ita kahin la'asar. Kada ta kwana can." Na tafi ina tsalle, ko hawayen ban goge ba.

La'asar ta yi ban dawo da ita ba, hedimasta ya kulle ta a ofis. Bayan an sha ruwa sai ga shi da kansa ya yi sallama a zaurenmu. Ni na kai musu kunu, na kuma laɓe a bayan ƙofa. Ya ce sabuwar jiha tana son ta nuna abin da yaranta suka iya, kowace makaranta za ta aika aikin hannu mafi kyau Jega, daga can a zaɓi na kaiwa Birnin Kebbi, shi kuma bai ga abin da zai fitar da Aliero kunya ba sai wannan taguwa. Bai tambayi wanda ya ɗinka ba, Baba ma bai faɗa ba, suka yi dariya irin ta manyan da suka fahimci juna. Baba ya shigo fuskarsa fal fara'a, ya tsaya a tsakiyar mata ya ɗaga murya: "Tumba, taguwar nan da mai ita? In akwai ki hwaɗi, in ba hedimasta haƙuri." Inna tana wurin, matan ƙannen Baba suna wurin, har da maƙwabciyar da ta shigo aron rariya. Goggo tana tsugune tana wanke ƙwarya, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Babu mai ita, Yaya. Tsummokara na kawai." Sai ta juyo ta dube ni. Kallon bai daɗe ba, amma na gane shi sarai. Ita kunya ta ɗaure mata baki, ni kuwa yarinya ce, babu abin da ya hana ni in ce ta Lawali ce, a yi dariya a ce yaro bai san kunya ba, magana ta ƙare. Amma na ji hedimasta ya ce za a kira sunana a gaban manya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da shan kununa.

Taguwa ta tafi Jega, ta wuce Birnin Kebbi. Ranar da za a ba mu hutu aka kira ni gaban makaranta, aka ba ni kwanon sha mai murfi da sabulu mai ƙamshi, aka ce a tafa wa Kulu. Yara suka rako ni har gida. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har kaina ya yi girma. Da muka shiga, wadda ta fara rangaɗa guɗa Goggo ce, kuma tata ta fi ta kowa tsawo. Daga nan kullum da safe sai ta tambaye ni a hankali ko an ce wani abu game da dawo da taguwar, ni kuma in ruga gidan hedimasta. Yau ya ce baje kolin bai watse ba, gobe ya ce motar ba ta dawo ba. Daga baya ya daina fitowa, sai matarsa ta leƙo ta ce yana barci. An ce wata baƙuwa ce ta gani ta yaba aka ba ta, an kuma ce a cikin kwali ta ɓace. Har yau ban san gaskiyar ba.

Goggo ta zazzage sauran ƙyallayenta ta fara wata, alhali Sallah tana bakin ƙofa. Aikin da ya ci kaka da rani ba zai yiwu a 'yan kwanaki ba, ga azumi, ga zafin bazara, ga shi masu kyau duk sun tafi a ta farko. Hannu ɗaya ta gama da rabin gaba lokacin da Iya Dillaliya ta biyo ranar jajibere za ta wuce Maiyama. Na ji tsohuwar tana tambayar saƙo, na ji Goggo ta ce, "Babu saƙo, Iya. Ki gaishe su." Ranar Sallah na sa sabuwar atamfata, ga kitso ga lalle, duk gidan da muka shiga sai a nuna ni a ce ga yarinyar da ta kai Aliero Birni. Goggo ta tuƙa tuwo, ta raba, ta wanke kwanuka, da yamma ta shiga ɗaki ta saki asabari. Na tsaya a ƙofar da cinyar kaza a hannu na kasa shiga. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Bayan Sallah ma ita ta kira ni inuwar rumbu ta miƙo mini allura, ta ce tunda an ce na iya, gara in iya. Da ta zage ni ko ta mare ni, ina jin da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Ta koya mini duk abin da ta sani kafin ta rasu, ina gab da gama sakandare. Lawali ya zo gaisuwa ya zauna a zaure kamar baƙo, bai kwana ba. Yau ga ni da shagona a Jega, ba na taɓa sabon yadi, ƙyallayen teloli ne da tsofaffin zannuwa nake haɗawa da hannu yadda take yi. Abin da a da ake kira tsumma yanzu 'yan birni ke rububinsa suna ɗaukar hoto, teloli ma sun waye, sun daina bayar da shararsu kyauta. Iyayen yanzu kuwa gatsal suke kiran sunan ɗan fari, su rungume shi a gaban kowa, tsofaffi suna salati. Ni dai ban cika ganin laifinsu ba. Bara aka gayyace ni wani baje kolin ɗinki a birni aka ba ni lambar yabo, wannan karon da aikin hannuna na gaskiya, na kuma faɗi sunan Goggo a lasifika da ƙarfi, aka tafa mata.

Ba a jima ba sai ga Lawali a shagon. Direban babbar mota ne yanzu, yana kai albasa kudu, gemunsa ya fara furfura. Ya ce a waya ya gan ni, ya ji na ambaci tsohuwarsa. Ya zauna a benci yana kallon rigunan da ke rataye, ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ashe ta iya ɗunki haka. Ni ko hankici ba ta taɓa yi mani ba. Akwai wata Sallah da anka ce za ta aiko da taguwa, niy yini bakin hanya ina dubin motocin Aliero. Da tsohuwar riga niy yi Idi." Na ajiye allura na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota a hannu. Na zaci zai tashi ya fita, ko ya faɗa mini abin da na cancanta. Sai ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "Kulu, tana da aljihu?" Na ce biyu, masu zurfi, don kada abin barka da Sallah ya zube. Ya gyaɗa kai ya ce to, ya juya fuskarsa bango.

Kafin ya tafi ya ce ya yafe mini, na kuma san da gaske yake. Saƙon Goggo dai ya isa, amma yaron da aka ɗinka wa ya daɗe da barin bakin hanya.