Rantsuwar da Malam Tasi'u Ya Ƙi Yi

Shekara ashirin da biyu Malam Tasi'u ya yi yana sayar da abincin shanu a Kwanar Dangora: dusa, harawa, ƙulin angurya da kanwa. Ba ya karɓar buhu sai ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo na ƙasa ya shinshina, domin fumfuna daga ƙasa take farawa. Tun rasuwar matarsa Hajara, bencin rumfarsa ya zama masa dangi. A kansa makiyaya suke hutawa, musamman Jibrin, Bafulatani daga wata ruga a yankin Kiru, wanda ba ya kiransa sai da "Kaɗo mai hancin akuya."

A farkon daminar bara, bayan ruwan shuka ya ɗauke kusan mako uku, shanun Jibrin huɗu suka faɗi a yini ɗaya. Kafin la'asar saƙon murya ya zagaye wayoyi cewa dusar Kwana ce ta kashe su. Washegari wani ɗan jarida daga wani gidan rediyo ya iso rumfar, ya miƙa wa Malam Tasi'u waya don ɗaukar muryarsa.

"Baba, za ka iya rantsewa kayanka ba su da illa?"

Malam Tasi'u mutum ne mai auna magana. Ya ce, "Ba zan rantse ba, ɗana. Ba ni na niƙa ba, ba ni na shanya ba. Amma kowane buhu na duba shi, ban ga aibu ba."

Rabin farko kaɗai aka sa a rediyo.

Ba a yi masa ƙarya ba, muryarsa ce, kalmominsa ne. Sai dai gaskiyar da aka datse ta fi ƙarya wuyar gyara, domin mai ita ba shi da bakin musantawa. Benci ya zama wayam. Masu wucewa suka koma sallama daga nesa, ba tare da rage tafiya ba. Ya riƙa buɗe rumfa da hantsi, ya rufe da magariba, ba wanda ya tambaye shi ko ruwan sha.

A kwana na goma sha biyu ya hau acaɓa zuwa rugar. Ya tarar da Jibrin zaune a gindin ɗorawa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi masa jaje, sannan ya nemi a nuna masa ragowar dusar da Jibrin ya saya a wurinsa. Buhun yana nan da ɗinkinsa, ba a ko farke shi ba.

"Malam Jibrin, me suka ci?"

Jibrin ya daɗe yana tonon ƙasa da sanda. "Gyamro ne, Malam. Tohon tsohuwar dawa, wanda rana ta dafa. Na sha gaya wa mutane guba ne, ga shi ni ya ci."

"A ina?"

"Gonar Alhaji Uba. Barci ya ɗauke ni, suka kutsa, suka tattake masa shuka. Har yau yana cigiyar mai shanun. In ya sani, ba ni kaɗai za a tasa ba, rugar nan duka ce."

"Shi ya sa ka bar ni a bakin duniya?"

"Wallahi ban ce kai ne ba."

"Ba ka ce ba ni ba ne."

Lambar ɗan jaridar tana cikin wayar Malam Tasi'u. Kira ɗaya ya isa ya wanke sunansa. Ya dubi bukkoki tara, da matan da suke kaɗa nono, ya auna su da sunan mutum ɗaya wanda ba shi da kowa a gida. Ya san shiru ba adalci ba ne, ga Alhaji Uba ko ga kansa. Ya kuma san inda magana za ta kai a irin wannan damina.

"Ka je ka nemi yafiyar Alhaji da bakinka, kafin kaka," in ji shi. "Ni ba zan faɗa ba."

"Zan zo rumfa ranar kasuwa, Kaɗo."

"Kada ka zo. In an gan ka a wurina, za a fara tambaya."

Ya ƙi ƙwaryar furar da aka kawo masa. Ɗan acaɓan da ya kawo shi ya koma, babu wani a wannan hanya, sai ya kama ta da ƙafa.