Kan Hanyar Dawowa Daga Gusau

Shekarar da wake ya yi kyau a gonar maigidana ta bayan Tsafe, sai ya ce lallai mu je Gusau mu huta, ni da shi kawai. Dariya na yi, don tun da aka kawo ni gidansa ba mu taɓa fita tare ba sai don biki ko ta'aziyya. Lokacin sanyi ne, an gama aikin gona. Muka bar yara wajen surukata, na yi mana dambu da ƙuli-ƙuli don kada mu riƙa sayen abinci, muka hau bas.

Ƙanensa da ke ɗinki a Gusau ya bar mana ɗakinsa, shi ya koma kwana a shago. Ba komai a ɗakin sai katifa da tabarma da buta, ga sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, amma ni daɗi nake ji. Babu tuwon da zan tuƙa, babu mai kuka a bayana. Da safe mu sha koko da ƙosai, da hantsi mu shiga kasuwa muna kallon abin da ba za mu saya ba. Ya saya mini rigar sanyi a gwanjo, hannunta ya fi nawa tsawo. Da yamma ya zo da balangu a takarda, mu ci muna hira kamar sababbin aure.

Ranar komawa muka jira rana ta ɗaga, don an ce hanya ta fi lafiya a lokacin. Kusa da ni wata mata ce mai sayar da atamfa, ta sammini goro, muka ɗan taɓa hira. Mun yi nisa, har na fara gyangyaɗi, sai na ji ƙara kamar taya ta fashe. Gilashin gaba ya tarwatse. Direba ya kifa a kan sitiyari, motar ta sauka daga kwalta ta afka cikin gonar dawa da aka girbe, ta daki kunya ta tsaya. Goshina ya bugi ƙarfen kujera. Kafin in ɗago, babura sun kewaye mu, kowane da mutum biyu ko uku, fuskoki a naɗe, suna harbi sama.

"Ku hito! Ku hito ko mu ƙone ku ciki!"

Suka ɓalle ƙofa suka riƙa fizgo mutane suna jefarwa ƙasa. Wani mai babbar riga ya ruga cikin karan dawa. Bai yi nisa ba suka harbe shi a baya, ya faɗi rub da ciki, ƙafarsa na shure-shure. Wata tsohuwa tana ta salati da ƙarfi, ɗaya ya mare ta har bakinta ya fashe.

Sai wani ya damƙi hijabina ya ja ni a ƙasa, kara na yagar mini gwiwa, wuyan hijabin ya shaƙe ni. Maigidana, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya tashi ya riƙe masa hannu.

"Don girman Allah ka sake ta," ya ce. "Ni ka tahi da ni."

Mutumin ya juya ya maka masa gindin bindiga a kunne. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Maigidana ya zube, wasu biyu suka rufe shi da shuri, a ciki, a fuska, a haƙarƙari. Na rarrafa na faɗa kansa ina ihu, dukan ya koma bayana. Jininsa mai ɗumi yana bin hannuna.

"Wanga ba ya iya tahiya," in ji ɗaya. "Gama da shi."

Na ga bakin bindiga ya sauka a wuyansa. Na rufe ido, na kasa ko da kalmar shahada. Sai ga harbi daga can kan kwalta, mai nauyi, ba irin nasu ba. Motar sojoji ce. Nan take maharan suka rikice. Suka ɗora waɗanda suka riga suka ɗaure a kan babura, har da mai atamfar nan, ɗankwalinta ya faɗi tana kiran sunan ɗanta, suka nausa daji.

Direba ya riga ya cika. Mai babbar riga ma haka. Sojoji suka kwashe mu suka mayar da mu Gusau, asibiti. A hanya na tallabe kan maigidana a cinyata, ina danne kunnen da gefen zanina. Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Innar yara, sun taɓa ki?"

Na ce a'a, ko da yake ba na iya miƙe bayana.

Aka ɗinke shi, aka ce haƙarƙarinsa ya tsage. Mun jima a asibitin fiye da hutun da muka zo yi. Ƙanensa ya rufe shago yana kawo mana kunu da ruwan zafi. Da aka sallame mu, sai da muka jira ayarin motoci masu rakiya kafin muka koma Tsafe. Surukata tana ganin fuskarsa ta zauna a ƙasa a tsakar gida.

Na yi ta tambayar labarin mai atamfa a tasha. Sai da damina ta faɗi wani direba ya ce mini danginta sun karɓo ta, a rame, ba ta son magana da kowa. Sauran da aka tafi da su ban san yadda suka ƙare ba.

Kunnen hagun maigidana bai sake ji ba. Ya koma gonarsa, amma idan babura suka wuce a jere sai ya ajiye fartanya ya tsaya cak har ƙararsu ta ɓace. Ni kuma idan zan yi masa magana, sai in zagayo ta damansa.