Geron Hasbiya da Kuɗin Bilki

A Enugu aka haife mu, a wani gidan haya da ke bayan kasuwar Ogbete, inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa. Da an idar da magariba Iya, kakarmu, takan ja kurfoti ƙarƙashin rumfar kwano tana gasa mana masara. Ni da yayana Sani mu raɓe jikinta, hayaƙin gawayi yana sa mu hawaye. Ta yini tana tankaɗe a gajiye take, don haka tatsuniyarta ba ta da tsawo, ba ta kuma cika daɗin ƙarshe ba.

"To, ga ta nan ta iso, wa zai tare ta?"

"Mu ne!"

"Kai mijin banza, matsa min, ka danne min ƙafa," in ji ta ga Sani.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai Kurciya da Hasbiya suka noma gero, suka rasa rumbu, sai suka kai wa Sarkin Tururuwa. Ya ce zai yi aikin garinsa da shi, duk kaka ya ba kowacce ɗan tukuici, bayan damina bakwai ya mayar musu da geronsu cif, amma kafin lokacin kada wadda ta zo nema. Ana tsakiyar wa'adi yunwa ta kama Kurciya, ta je ƙofar rami tana kuka. Sarki ya ce alkawari bai cika ba. Hankaka yana gefe ya ce ta sayar masa da alkawarin, ya auna mata abin da bai kai nata ba, ta karɓa don dole. Hasbiya ta daure har ƙarshe, aka mayar mata ba a rage ƙwaya ba. Sai dai 'ya'yanta sun girma, bakunansu sun buɗe, geron da a da zai kai su shekara bai kai su bazara ba.

Sani ya ce, "To Iya, wa ya ci riba?"

"Oho! Duk sun ji jiki. Amma Hasbiya ta tarar da wani abu, da a gida ta bar shi da baƙi sun cinye."

Wallahi haushin tatsuniyar nan nake ji a lokacin, ba kura, ba wanda aka daka.

Yau ni ce da ciwon gwiwa, ina sayar da tattasai da albasa a wannan kasuwa. Mijina ya rasu, aka raba gado, rabon 'yata auta Bilki ya zo hannuna. Yarinya ce mai kan karatu, likita take cewa za ta zama. Tun ba a yi arba'in ba masu buƙata suka fara sallama, kowa da uzurinsa na gaskiya, ni kuwa ban iya cewa babu ba. Na ga kuɗin marainiya yana zaizayewa a hannuna, barci ya gagare ni.

Wata maƙwabciyata mai aikin banki ta yi min bayanin takardar lamuni ta gwamnati. Ka ba gwamnati kuɗinka na wasu shekaru, tana biyanka wani abu sau biyu a shekara, wa'adi ya cika ta mayar maka da uwar kuɗin. Na ce ni da kuɗin ruwa har abada. Ta ce akwai sukuk, hanya ake ginawa da kuɗin, kason haya ake ba ka. Ta ƙara da cewa in na matsu zan iya sayarwa kafin lokaci, amma ƙila da asara, kuma tsadar kaya tana iya rage wa kuɗin ƙarfi. Na yi dariyar gajiya, don duk na taɓa jin wannan a bakin kurfoti. Na tambayi malami, ya ce ya halatta, na sa hannu.

Watan jiya motar tumatir ɗin Yaya Sani ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe. Ya zo ya zauna a tabarmata, furfura ta cika masa gemu.

"Rabi, aro nake so. Na ji an ce ba a iya taɓa kuɗin, haka ne?"

Da na ce haka ne da mun rabu lafiya. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba.

"Ana iya sayarwa, Yaya. Ni ce ba zan sayar ba. Na Bilki ne."

Na kawo abin da na tara na cinikina, ban rage ko sisi ba, na san ba zai kai ko'ina ba. Ya karɓa bai dube ni ba. Sai yanzu na gane wahalar jira ba yunwarka kaɗai ba ce, har da ta wanda kake ƙauna, kana kallonsa da ajiya a bayanka. Iya ba ta faɗa mana wannan ba, ina jin ta tausaya mana ne.

Ya tashi bai sha ruwan da na kawo masa ba. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Bilki ta dawo daga makaranta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tsaya ya dube ta ya daɗe, sannan ya dafa kanta.

"Ki yi karatu, kin ji ko? Da tsada aka saya miki shi."