Akuyar Gwaggo Ta Haifi Uku

A shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ne gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Balan, ta ba matata kiwon akuya. Mu muna zaune a wani ƙauye kusa da Toranke, a gidan da kakanmu ya kafa lokacin da ya taso daga gabas. Ƙa'idar kiwo a wajenmu sananniya ce. Akuya ta mai ita ce. Mai kiwo ita ce da dusa da harawa da sharar turke. Idan an haihu an yaye sai a raba 'ya'yan, kuma mai akuya ce take fara zaɓa, in uku ne ta ɗauki biyu. Matata ba ta taɓa mallakar dabba ba. Fatanta ta sami mace a rabon, ta kafa nata turken.

Akuyar ta haihu cikin marka, da hantsi, ana ta yayyafi. Uku ta haifa, maza biyu, ja da baƙi, sai mace a ƙarshe, 'yar mitsitsiya. Mazan suka miƙe suna tangaɗi, kowanne ya kama kan nono guda. Akuya kuwa kan nono biyu gare ta. Macen tana kwance a jiƙe, ko kai ba ta ɗagawa. Matata ta ɗauke ta ta kai bakinta hantsa, ba ta kama ba. Na sa yatsa a bakinta, na ji shi da sanyi.

Matan gidan suka taru a kanmu. Matar yayana, wadda ita ce babba a cikinsu, ta ce babu wani abu sai ɗura. Yadda ake yi wa jarirai ke nan a da: a kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba, a toshe hanci har ya haɗiye.

"Duk 'ya'yana da ɗura na raine su," in ji ta. "Wanne ne ya lalace? Miƙo ta nan."

Aka tatso nono, ta zuba tafi guda. 'Yar akuyar ta shaƙe, nono ya fito ta hanci. Matata ta karɓe ta, ta ce, "Yaya, bari haka, kada mu ƙarasa ta." Ni kuma na tuna bara an yi wa wani ɗan tunkiya ɗura a gidan nan, ƙirjinsa ya kwana yana kurari, da safe aka jefar da shi. A lokacin cewa aka yi kwanansa ne ya ƙare.

Na ari babur na nufi Gaya, hanya duk taɓo. Akwai wani malamin dabbobi da ke da shagon magani kusa da kasuwa, Bafulatani, mun daɗe muna wasa da shi saboda ni Babarbare ne. Yana ganina ya fara.

"Bawana, me ya fito da kai cikin ruwa? Ko gyaɗar ce ta ƙare?"

Na ce masa ubangidansa ne ya zo da aiki, na kwashe labari na gaya masa. Da na zo kan ɗurar sai ya riƙe baki.

"Barebari da dabba! Wato kun ɗauke ta ɗan mutum. Shi ma ɗan mutum ɗin Allah ne yake kare shi."

Ya ɗauko wani siririn tiyo mai laushi, bai kai kaurin biro ba, da babban sirinji marar allura. Ya kama wuyana ya danna da yatsa. Ya ce hanya biyu ce a nan, ta iska tana gaba, ta abinci tana baya, kuma dabbar da ba ta da ƙarfin haɗiya in ka zuba mata abu a baki huhu yake tafiya. Tiyon zai kai nonon ciki kai tsaye. Ya ce in fara ɗumama 'yar akuyar, kada in ba ta komai tana sanyi. In auna tiyon daga bakinta zuwa haƙarƙarin ƙarshe, in yi alama. In tana kuka tiyon na ciki, to hanya ta yi daidai. In ta yi tari ko muryarta ta ɗauke, in zare in sake. Kuma dakashin uwarta za a ba ta, wato nonon farko mai kauri, ba koko ba, ba madarar gwangwani ba. Ya nuna mini inda zan tsaya a jikin sirinjin. Lambobin na iya karanta su, domin a aji mun riga mun wuce nan, amma duk da haka sai da ya ja layi da biro, wai bai yarda da karatun Babarbare ba.

Da na dawo gida da tiyon da sirinjin, na tarar matata ta naɗe 'yar akuyar a tsohon zane, tana zaune da ita a bakin murhu. Muka jira har bakinta ya yi ɗumi. Na wanke tiyon da ruwan zafi, na auna, na ɗaura zare a wurin alama. Matata ta tatso dakashi a kofi, ta riƙe 'yar akuyar a tsakanin gwiwoyinta, kai a sama kamar tana tsaye. Na tura tiyon ta gefen baki a hankali. Da farko ta yi tari, na zare. Na sake turawa, ya shige ba turjiya, na ji shi yana wucewa ƙarƙashin yatsana ta hagun wuya, har zaren ya iso leɓe. Ta yi wani ɗan kuka siriri.

"Malam, ka ji ta?" in ji matata.

Na ce na ji. Na cire abin turawar sirinjin, na zuba nonon a ciki, na ɗaga shi sama ya riƙa sauka da kansa. Da ya ƙare na matse tiyon da yatsu biyu kafin in zaro, don kada ragowar ta ɗiga a hanyar iska. Cikinta ya ɗan taso. Matar yayana tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi wa akuya ƙarin ruwa irin na asibiti ba, saura a kai ta awo.

Haka muka yi ta yi, da asuba, da hantsi, da azahar, har zuwa magariba. Nonon ba ya isar uku, don haka muke kife mazan a ƙarƙashin babban kwando na ɗan lokaci hantsa ta taru, mu tatsa, sannan a sake su. In zan tafi gona sai in dawo da wuri. Aikin ba wuya gare shi ba, gaggawa ce kawai ba ya so. Wata safiya na sa yatsa a bakinta sai na ji ta tsotsa. Muka kai ta wurin uwar, matata ta danne mazan, ita kuma macen ta kama da kanta. Daga nan tiyon ya zama na ciko, sai ranar da muka ga cikinta a lafe. Kafin a yanke gero ta kamo 'yan'uwanta a tsawo, tana bin matata har bakin rijiya.

Gwaggo ta zo rabo bayan an gama kaka, a cikin a-daidaita-sahu, da igiyoyinta biyu a hannu. Ta sha fura, ta gaisa da kowa, sannan ta je turke. Ta shafa bayan mazan, ta ɗaga macen ta ji nauyinta.

"Wannan ce ta tiyo?"

Aka ce ita ce.

"Ma sha Allah. To na ɗauke ta, da wannan jan. Baƙin naki ne, 'yar nan."

Matata ta sunkuyar da kai ta ce an gode, ta shige ɗaki. Ba za ta iya ja da suruka ba. Ni ne na bi Gwaggo zaure, na durƙusa.

"Gwaggo, da kin bar mata macen. Ta sha wahala a kanta. Ba don tiyon nan ba da yanzu babu ita."

"Kai ɗan nan, tiyo na wa?"

"Nawa."

"Nonon da ya bi ta ciki fa, na akuyar wa?"

"Taki."

"To. Ni ma da kiwo na fara, a hannun kakarka. Haihuwa biyu tana kwashe matan tana bar mini bunsuru, ban mutu ba. In na karya ƙa'ida a kanku, gobe duk mai riƙe da akuyata sai ta zo mini da labarin wahala."

Ba ta faɗi ƙarya ba, ƙa'idar ke nan. Na taya ta ɗaure su a bayan a-daidaita-sahun. Macen ta yi ta kuka har suka sha kwana. Matata ba ta fito ba.

Baƙin bunsurun ta ci gaba da ba shi dusa da ƙaiƙayin wake har ya yi ƙiba. Gab da babbar salla wata mata a Toranke tana neman bunsuru, ita kuma tana da 'yar akuya mace, ramammiya, mai dabbare-dabbare, kunnenta ɗaya a tsage. Suka yi musaya. Ni na je na jawo ta da igiya. Matata ta dudduba haƙoranta da hantsarta, ta ce ba laifi. Ta sa na sare mata reshen marke, ta kafa shi da kanta nesa kaɗan da turken Gwaggo, ta ɗaure ta a nan.