Mai Kukan Ɗakin Alhaji

Har in bar aikin gadi ba zan manta da Juma'ar da jelar rago ta kusa raba ni da abincina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don gidajen manya sun fara cika da irin na'urar da zan ba ku labari.

Lokacin ina gardi a gidan Alhaji Bukar, wani ɗan kasuwa a nan Gure. Gardi a gida irin wannan ba ƙofa kaɗai yake tsaro ba. Kai ne mai ban ruwan shuka, kai ne mai ɗaure tumaki, kai ne mai hawa tsani. Wata shekara wuta ta kama a madafa ta cinye rabin rufi. Sai babban ɗan Alhaji, injiniya a Yamai, ya zo da wasu abubuwa farare guda huɗu kamar murfin kwano, ya kafa su a saman ɗakuna. Ya ce da sun ji hayaƙi za su yi ihu. Muka sa musu suna mai kuka.

Ni ya ɗora wa kula da su. Juma'ar farko ta kowane wata in hau tsani, in danna maɓallin tsakiya har abin ya yi ihu, in goge masa ƙura da busasshen tsumma, in ja layi a karne, ɗan littafin da ya ba ni. In ya fara ƙyat-ƙyat shi kaɗai, pil, wato batir, ya yi sanyi, in sake wani. Ya ce, "Baba Idi, ko wa ya ce ka cire pil, kar ka cire." Na ce to.

Uku ba su taɓa ba ni wahala ba. Na ɗakin Alhaji ne ya hana ni sakat. Kullum bayan azahar, da ya kulle ƙofa wai zai huta, sai ihu. In taho a guje da bokiti da gwiwata mai ciwo, Alhaji ya leƙo ta taga yana goge baki.

"Ba komai, Idi. Abin ne ba shi da hankali."

Ni kuwa na san komai. Likita ya hana shi gishiri da kitse saboda tansiyo, wato hawan jini, matarsa Hajiya Falmata kuma ta riƙe dokar nan kamar jandarma. To ni nake sayo masa jelar rago wurin mahauta in miƙa ta taga, shi kuma ya gasa a ɗan mangal na shayi da ya ɓoye ƙarƙashin gado.

Ran nan ya ce, "Idi, cire wa abin nan pil."

"Alhaji, injiniya ya hana."

"Ni na haifi injiniyan!"

"Na sani, amma ni ya ba karne."

Ana haka Hajiya ta kira ni. Ta ce, "Malam Idi, kullum abu yana tsinka mana zuciya ba wuta ba komai. Juma'a a gabana za ka gwada shi. In kai ka lalata shi, ina da ƙane a Kelle yana neman gadi." Ni ga iyali, ga shekaru. Wa zai ɗauki gardi mai ɗingishi?

Laraba mai kuka shiru. Alhamis shiru. Juma'a da hantsi na shiga da tsani. Hajiya ta zauna a kujera, Alhaji yana tsaye yana jan carbi da sauri. Muka ɗaga kai, sai ga hularsa ta zuwa masallaci kife a kan mai kuka, an ɗaure da roba.

Hajiya ta ce, "Alhaji, me hularka take yi a can?"

"Shanya na yi."

"A cikin ɗaki?"

"Rana tana kashe kala."

Na hau, na cire hula, na danna maɓalli. Ya yi ihun da tumaki suka amsa daga waje. Hajiya ta ce, "To lafiyarsa lau. Me yake sa shi kukan banza?" Alhaji ya kafe ni da ido. Na ce, "Saura gogewa." Na sa tsumma, tsumma ya manne. Na jawo shi ya fito rawaya, yana ƙyalli.

"Miƙo nan." Ta shinshina sau biyu. "Malam Idi, yaushe ƙurar Gure ta fara zuwa da yaji da tafarnuwa?"

"Hajiya, karatuna bai kai nan ba."

Ta sa ƙafa ta ɗaga zanin gado. Ga mangal, ga gawayi, ga ƙullin gishiri. Alhaji ya ce, "Na Idi ne, ajiya ya ba ni." Na ce, "Alhaji, a kan tsani nake, kar ka sa in yi rantsuwa in faɗo."

Ba a kore ni ba. Hajiya ta ce murfin kwanon nan ya fi mu gaskiya mu biyu. Alhaji sai ya maido gashin namansa ɗakina na bakin ƙofa, inda ba mai kuka. Kwana shida muna cin daɗi. Na bakwai sai ga mai kuka na biyar daga Yamai, Hajiya ta tsaya a kaina na kafa shi da hannuna daidai saman tabarmata.

Abin da na koya ke nan. In mai kuka ya yi ihu, kar ku zage shi, kar ku cire pil, kar ku sa masa hula. Ku nemi hayaƙin, yana nan, kuma sau da yawa mai gidan ne ya hura shi. Nawa har yau ina gwada shi duk wata. Abin takaici, bai taɓa lalacewa ba.