Haƙorin da Na Cire a Banza

Har yau idan harshena ya faɗa gurbin nan na dama, ina mamakin yadda na ba da lafiyayyen haƙori da hannuna. Lokacin ina buga tafireta a wata ma'aikata a Sakkwato, zamanin da kuɗin mai suka shigo, motocin siminti na Kalambaina ba su hutawa, kowane akawu da sabon babur. Sai sojoji suka fara sallamar ma'aikata. Takardun sallamar ma'aikatarmu ni nake bugawa, da gargaɗin kada in faɗa wa kowa har a sa hannu.

A cikinsu akwai ta wani dattijo, mai kula da ɗakin fayil, wanda shi ya samo mini aikin. Baba nake ce masa. Unguwarmu ɗaya, kullum da safe ni ke goya shi a babur. Takardarsa ta yi mako uku a aljihun teburin babban sakatare, ni kuma ina ɗauko shi muna hirar farashin gero.

A makon farko muƙamuƙina ya fara ciwo. Ina tashi da safe bakina ya ƙi buɗuwa sosai, kunnen dama yana zugi. Na lura da wani abu da ya ɗaure mini kai: asuwakin da nakan yi kwana huɗu da shi, yanzu kafin azahar na tauna shi ya zama tsumma. Matata ta ce tsutsar haƙori ce, aka yi turare, babu sauƙi. Na je wurin wanzami. Ya tambaye ni wanne ne, na nuna wanda na fi zargi, ya sa awartaki ya fizge shi. Muka duba shi tare, fari tas, ko ɗigon baƙi babu. Ya ce ai ciwon a saiwa yake. Ban yarda ba, amma haƙori ya riga ya fita.

Da ciwon ya ƙi tafiya sai na nufi asibiti, da niyyar a cire na kusa da shi. Wadda ta duba ni wata ma'aikaciya ce Kirista, mutuniyar wajen Jos, mai faɗa kamar uwar mutum. Ta haska bakina, ta danna gefen kunnena har na zabura. Ta ce haƙorana lafiya suke, sai dai sun goge kamar dutsen niƙa, kuma na ciccije cikin kumatuna. Ta ce ta ga irin wannan da yawa a watannin nan, duk ma'aikatan gwamnati, mutum yana datse haƙora bai sani ba.

"Malam, me ke damunka? Ko na cire duka, ba zai daina ba."

Na ce babu komai. Ta harare ni, ta ce in riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, in samu wanda zan gaya wa wannan babu komai ɗin. A hanya na kama kaina ina datse haƙora a kan babur. Na saki, ban kai shataletale ba na sake datsewa. Na yanke shawara gobe da safe zan gaya wa Baba, ko me zai faru.

Ban samu ba. A ranar aka sa hannu, masinja ya kai masa takardarsa ina asibiti.

Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana. Kunya ta hana ni ɗaga kai. A ofis, mai buga takarda yakan sa haruffan sunansa a ƙasa, nawa kuwa suna nan a kan takardar Baba. Ya zauna a tabarma, ya gyara hula.

"Na ga aikinka, ɗana. Ko kuskure guda babu."

Na miƙa masa ruwa.

"An ce mani ka tahi asibiti," in ji shi. "Ƙaƙa haƙorin?"