Yayyafin farko a hanyar Umm Salal

Ana idar da sallar asuba muka tada babura daga masaukinmu na unguwar Mesaimeer, a nan ƙasar Larabawa, ni da abokin aikina, mutumin Zangon Kumasi. Dukkanmu aikin kai abinci gida-gida muke yi, ranar kuma muna hutu. Wani ɗan garinmu da ke aikin gona a Umm Salal ya aiko cewa zogalensa ya yi ganye, mu zo mu ɗiba. Wanda ya shekara uku bai ci kwaɗon zogale ba ya san wannan ba ƙaramin kira ba ne.

Saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya a ƙasar nan. Kamfani ya tara mu ya ce duk wanda ya yi hatsari da babur za a karɓe makulli a sallame shi. Ni kuwa zaman korona ya cinye mini kusan shekara ba aikin kirki, wannan damar nake jira.

Mun ratsa ta unguwar Mushairib don mu ga adon gasar. Tutoci ko'ina, ma'aikata na ta goge gilasai. Muka tsaya muka sha shayin karak mai madara na riyal ɗaya, abokina na ta latsa tayoyinsa kamar mai sayen kankana. Na yi masa dariya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina acaɓa a Zariya, cikin taɓo da ramuka, shi kuwa a nan ya koyi tuƙi a makaranta.

Titin arewa shimfiɗe yake, ba rami ko ɗaya, sai kyamarori. Zafin nan mai dafa mutum ya sauka, iskar kaka na kaɗawa. A gonar muka ci gurasa da wake, muka cika akwatunan baya da zogale har da 'yar yakuwa.

A hanyar dawowa hadari ya haɗu, aka fara yayyafi. Abokina ya matso kusa da ni ya ɗaga murya da Hausarsa ta Zango: "Malam, hanya ya jiƙe, mu tsaya!" Na ɗaga masa hannu na wuce. A raina na ce wannan ai ko ƙura bai kashe ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne titin ya yi wata da watanni bai ga ruwa ba. Man motoci da lallausan yashi sun kwanta a kai, yayyafin ya kwaɓa su ya zama santsi kamar miyar kuɓewa. A bakin wani shataletale motar da ke gabana ta ja birki, mutanen ciki sun zuro wayoyi suna ɗaukar hoton ruwa. Na taka birkin ƙafa da ƙarfi, yadda muka saba a gida, inda da yawanmu ba ma taɓa birkin hannu don tsoron ya wuntsila mu. Tayar baya ta goce, babur ya juya gefe. Na saki birkin, na dafa ƙasa da ƙafa, Allah Ya sa takalmi mai kauri ne. Na tsaya saura taku ɗaya in daki motar.

Tsoro ya kama ni ƙwarai. Muka fake ƙarƙashin gada har ruwan ya yi ƙarfi ya wanke titin. Abokina bai yi mini gori ba. Cewa kawai ya yi: "Birki biyu tare, a hankali, kuma ka bar tazara. Khalas, shi ke nan."

Mun iso masauki bayan la'asar, a layin dama, ba gaggawa. Abin da na koya shi ne yayyafin farko ya fi ruwan sama mai ƙarfi haɗari, kuma gwanintar wani gari ba lallai ta yi aiki a wani ba. Da yammar nan na roƙe shi ya koya mini birkin hannu a filin ajiye motoci, ina zagayawa kamar sabon shiga. Muna cikin haka matata ta kira daga gida, ta tambaye ni yaya hanya. Na ce mata lafiya lau, na yi maza na tambayi yara, don kada ta ƙara tambayar hanya.